Motar Bashi a Gangaren Kwata

Yelwa, Yauri
Farkon Janairu

Zuwa ga Yaya Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Jabir da Yasira. Ya aikin asibiti, ya zafin Lokoja? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kajin maƙwabta, kin kuwa san wannan ita ce alamar lafiyarta.

Kin ce in riƙa rubuto miki maimakon waya, kuma gaskiyarki. Duk gidan nan wuri ɗaya ke da sabis, gindin rumfar Inna, ita kuwa ba abin da ke wuce kunnenta. Har yau tana ganin tsabar kuɗi kika zube kika saya mini bas ɗin nan. Ran da ta ji cewa bashin kamfani ne aka ci da sunanki, ana biya wata-wata har da ruwa a kai, ni da ke sai mun bar mata garin. Don haka zan riƙa ba Bilyaminu direba takarda, tunda yana bi ta wajenku da bandar da yake kaiwa Anaca.

Mota tana aiki, alhamdulillahi, kuma tun da na karɓe ta ban saɓa biya ba. Ranar kasuwar Wara ta bakin tafki ce babbar ranata. Bari in gaya miki yadda aikin yake yanzu, don kin bar gida kafin a fara haka. 'Yan kifi sun daina ba da lodi ga motar da ta tsaya a tudu. Sai ka juya, ka gangara kwata, inda jirage ke tsayawa, da ribas har tayoyin baya su shiga ruwa, gindin mota ya haɗu da bakin jirgi, a riƙa miƙo kwanduna kai tsaye. Haka suke hutawa da biyan 'yan dako. Wanda ya ce yana tausayin motarsa, sai ya zauna a tudu ya ci gyaɗa ya koma gida wayam.

Wadda ta fara ba ni lodi ita ce Indo matar Malam Hammadu, ta bayan masallacinmu. Kin tuna ta, mai bakin nan. Ran farko ta zagaya motar tana ƙwanƙwasa ta kamar mai sayen kankana, ta ce, "Wagga mota ta Hamdiyya ta, ko? To mu gani in direban ya kai motar hankali." Tun daga ranar ba ta shiga wata ba, ta kuma jawo mini ƙawayenta. Gwiwa na damunta, saboda haka a cikin motar take gangarawa kwata, tana zaune can baya cikin kwandunanta tana ba ni umarni sai ka ce ita ta koya mini tuƙi.

Ki gaida yara. Ki ce da Jabir in ya zo hutu zan ba shi sitiyari ya riƙe.

Ƙanenki,
Zaidu

Lokoja
Ƙarshen Janairu

Ƙanena Zaidu,

Wa alaikassalam. Takardarka ta iso tana ƙanshin banda. Yasira ta yi tsalle wai Kawu ya aiko mana kifi, da ta ga takarda ce kawai sai ta kumbura baki. Muna lafiya, sai bayana da ke ciwo saboda tsayuwar ɗakin haihuwa. Ka gaida Inna, ka ce ta ƙyale kajin mutane.

Na ji daɗin labarinka ƙwarai. Amma zan maimaita maka abin da na faɗa ranar da na sa hannu. Ni kamfanin nan ya sani, bai san ka ba. Duk biyan da ya makara a kan sunana ake rubuta shi, kuma yanzu ba kamar dā ba ne, sunan mutum yana yawo a kwamfuta, duk mai ba da bashi yana gani. Ƙungiyar ma'aikatanmu za ta ba da rancen gida ƙarshen shekarar nan, kuma sai wanda sunansa ya fita tas. Tun rasuwar baban Jabir nake ɗaki ɗaya da yara biyu. Mai gidan yana ƙara haya duk lokacin da ya ga dama. Jabir ya fara girma, in zan sa kaya sai ya juya fuskarsa bango, ni ma kunya ta kama ni. Na daɗe ina tattalin sunan nan, Zaidu, ko bashin gishiri ban taɓa bari ya kwana ba. Na ɗauke shi na damƙa a hannunka ne don kai ƙanena ne.

Maganar shiga ruwa da mota ba ta kwanta mini ba, amma kai ne a wurin, ka fi ni sani. Ka gaida Indo, ka ce Allah ya bar zumunci.

Yayarka,
Hamdiyya

Yelwa
Tsakiyar Maris

Yaya Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Ina fata bayanki ya yi sauƙi. Inna lafiya, sai zafi da ya hana ta barci. Ni ma lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba, shi ya sa na daɗe ban rubuto ba.

Ruwan tafki ya ja baya kamar yadda ya saba in rani ya yi nisa. Inda muke tsayawa a Janairu yanzu busasshiyar ƙasa ce, har an shuka albasa a gefenta. Gangaren kwata ya ninka tsawo, ƙarshensa kuma ya miƙe sosai. Daga bakin ruwan kuwa ba nisa sai zurfin tsohon kogi. Masunta sun kafa gora don mu san iyaka.

Birkin motar ya fara ba ni tsoro. In na taka sai ya tafi ƙasa lagwaf, sai na yi ta famfo kafin ya kama. Na kai wa Magaji makanike. Ya shiga ƙarƙashi ya daɗe, ya fito yana goge hannu, ya ce, "Zaidu, ruwa da rairayi sun cinye wagga mota ta ƙasa. Fayif ɗin birki ya yi tsatsa, shina zubad da mai. Ba ƙarin mai za a yi ba, sake shi za a yi gaba ɗai. In kac ci gaba da shiga kwata haka, ni dai na hwaɗa maka." Kin san Magaji ba mai zuzuta gyara ba ne, shi ya riƙa duba keken Baba kyauta.

Kuɗin gyaran ya kusa biyan wata guda. Kifi kuma ya yi ƙaranci, lodi ya ragu. Abin da ke hannuna zai iya ɗaya, ba zai iya biyu ba. Shi ne nake roƙonki: ko ki yi wa kamfanin magana su ɗaga mana wannan watan, ko ki yarda in makara sau ɗaya tak, in gyara, in cike musu a wata mai zuwa. Ban so na kawo miki wannan ba, na san nauyin da ke kanki. Amma duk lokacin da na juya motar nan na fuskanci tudu, bayana yana ruwa, sai in yi ta famfo ina addu'a har ta tsaya.

Ki ba Bilyaminu amsa in zai dawo.

Zaidu

Lokoja
Ƙarshen Maris

Zaidu,

Wa alaikassalam. Muna lafiya. Ka gaida Inna.

Na karanta takardarka, na ajiye, na sake ɗauka, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Da babur ɗin kabu-kabu ma haka ka fara. Yau sarƙa, gobe taya, jibi inji, ina aikowa ina aikowa, sai da na zo gida na tarar ka sayar da shi tun tuni. Na ce yarinta ce, na yafe. Yanzu kuma motar da ba ta shekara a hannunka ba ita ce ta ruɓe ta ƙasa?

Na tambayi direban asibitinmu. Ya yi dariya, ya ce birki in ya yi laushi mai ake ƙara masa, kuɗin bai kai na abincin rana ba. Ka ce Magaji ba ya zuzuta gyara. Makaniken da ba ya zuzuta gyara ban taɓa ganinsa ba.

Kamfanin ba su san ɗagawa ba. Na kira su, yarinyar da ta ɗauka ta ce ko kwana ɗaya aka makara sai ya hau kan suna, kuma ba ya goguwa da wuri. Kana so in je gaban kwamitin rance su buɗe su ga haka? In ce musu me? Ƙanena ne?

Ka fara biya. Gyara ya biyo baya in kifi ya dawo. Ka riƙa gangarawa a hankali, ai ba yau ka fara tuƙi ba. In kuwa ka makara, wallahi ni da kaina zan kira Inna in gaya mata komai, kowa ya ji da abin da zai ji.

Hamdiyya

Yelwa
Farkon Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna na gaishe ki.

Na biya. Za ki ga saƙonsu a wayarki. Maganar birki kuma ba za ki sake jin ta daga bakina ba.

Zaidu

Lokoja
Tsakiyar Afrilu

Ƙanena Zaidu,

Wa alaikassalam. Lafiyarmu ƙalau. Yasira ta faɗi a makaranta ta fasa leɓe, amma ya warke. Ya Inna da zafi?

Saƙon kamfani ya shigo, na gode, Allah ya yi maka albarka. Ka gani? Da na tsaya tsayin daka, ga biya ya samu, ga birki ya warke da kansa har ba a maganarsa. Na san ka tun kana tsumma, Zaidu, in aka matsa ka kana iyawa. Takardarka ta zo gajera kamar ta mai karɓar haraji, na san fushi kake. Yi abinka, zai wuce. Na yi zafi a waccan, ban musa ba, aiki ne ya yi mini yawa a makon.

An liƙa sunayen waɗanda za a duba don rancen gida, sunana yana ciki. Na je na ga wani gida mai ɗaki biyu a bayan gari, da 'yar bishiyar mangwaro a tsakar gida. Jabir har ya zaɓi ɗakinsa. Ka daure mini watannin nan da suka rage, in an gama ni da kaina zan sa a yi wa motar gyaran da kake so.

Yayarka,
Hamdiyya

Lokoja
Watan Mayu

Zaidu,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Inna ta kira ni tana kuka, abin da na iya tsinta a maganarta shi ne motar ta faɗa ruwa a Wara, kai ka fita, Indo ba ta fita ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Na kira ka har wayata ta mutu, ba ka ɗauka. Inna ta ce kana ɗaki, ba ka ci, ba ka magana. Na nemi izini a wurin aiki, sun ce sai an samu wadda za ta riƙe mini. Don Allah ka rubuto ko layi biyu ne. Jikinka fa? Ka ji ciwo?

Akwai abin da nake so in tambaye ka, hannuna ya kasa rubutawa. Ka san shi. Ka gaya mini gaskiya.

Hamdiyya

Yelwa
Bayan sadakar bakwai

Yaya Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Jikina lafiya, gilas ne kawai ya yanke ni a kafaɗa. Inna tana nan, ta rame. Mutanen kamfani sun zo ganin motar, don haka ta san komai yanzu. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Amsar tambayarki: birki ne. Ban gyara ba. Na ce ba za ki sake jin maganar ba ne don na gaji da a ɗauke ni maƙaryaci, ba don ya warke ba. Tun daga lokacin kullum sai na ƙara mai da safe, kafin azahar ya tsiyaye.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Na ƙara mai a tudu kamar kullum. Indo ta shiga baya da kwandunanta, na rufe mata ƙofa. Ƙofar nan ma tsatsa ta kama ta, ta waje kawai take buɗuwa. Na sa ribas muka fara gangarawa, tana ce mini in yi dama kaɗan, jirginta na wajen gora. Da muka kai inda gangaren ya miƙe na taka birki, sai ƙafata ta tafi har ƙasa ba abin da ya tare ta. Na yi famfo, na yi famfo. Na ja hambirki, ya biyo hannuna. Mutane na ihu suna watsewa. Na ji Indo ta ce, "Zaidu, mi ya hwaru?" Ba da tsoro ta faɗa ba, kamar dai yadda take tambayar farashi. Muka wuce jirage, muka wuce gora.

Ta baya motar ta fara nutsewa. Na fita ta taga, na zagaya ina jan ƙofar, ta ƙi. Masunta suka faɗo ruwa, suka janye ni, suka yi ta nutso. Da suka fasa gilas suka fito da ita, rai ya yi halinsa.

Da igiyoyi aka jawo motar, tana garejin Magaji. Kamfani sun ce takardar inshorar ba ta shafi motar da aka shigar ruwa da gangan ba, biya yana nan yadda yake. Na samu aikin dako a kwatar Yelwa. Zan riƙa haɗawa, kada ki damu da wannan.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Malam Hammadu da 'ya'yansa sun ce sun yafe. Ko maganar diyya ba su bari an yi ba. Kowa ya zo gaisuwa sai ya dafa ni ya ce ƙaddara ce, ƙarfe ba ya shawara. Babbar 'yar Indo ta aiko mini da fura wai ta ji ba na cin abinci. Yaya, na kasa sha. Sun yafe abin da ba su sani ba. Magaji ya tsaya kusa da ni a sahun jana'iza, kafaɗarsa na gugar tawa, bai dube ni ba, bai kuma ce wa kowa komai ba.

Ina so in je in gaya wa Malam Hammadu cewa an gargaɗe ni tun Maris. In ya ce kotu, kotu. Ba izini nake nema ba, ina gaya miki ne don sunanki zai iya shiga ciki.

Zaidu

Lokoja
Ranar da takardarka ta iso

Ƙanena,

Wa alaikassalam. Ba ni da lafiyar da zan ba ka labari. Na karanta takardarka a tsaye a bakin tasha, a gaban Bilyaminu.

Ka gaya mini a fili, da sunan makanike, da abin da ya ce. Ni na zaɓi in ji maganar direban da bai taɓa ganin kwata ba. Da ka yi shiru kuma na yi maka dariya. Wannan dariyar tana cina, Zaidu, ko haihuwa nake karɓa sai ta faɗo mini.

Kada ka je kai kaɗai. An ba ni izini, ina tafe ƙarshen mako. Mu je tare, ni zan fara magana, don ni na ce ka fara biya. Sunan ya shiga duk inda zai shiga. Ka jira ni, don girman Allah.

Yayarka,
Hamdiyya

Yelwa
Laraba

Yaya Hamdiyya,

Assalamu alaikum. Inna ta fara cin abinci. Ni ma na ɗan samu barci. Ina ba wani mai motar albasa wannan don ta riske ki kafin ki taso.

Takardarki ta same ni na riga na je. Ki yi haƙuri, na kasa jira.

Na tarar da Malam Hammadu a zaure bayan la'asar, shi kaɗai, yana ɗinkin tarun kamun kifi. Na durƙusa na faɗa masa duka, tun daga ranar da Magaji ya shiga ƙarƙashin motar. Ban ambaci sunanki ba. Bai katse ni ba, bai kuma ajiye allurar ba. Da na gama na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya, har ina fatan ya mare ni.

Sai ya ce, "Zaidu, mi kaka hwaɗa mini wanda ban sani ba? Duk kwata an san motarka ba ta da birki. Tun daga tudu ake jin ƙahwarka tana hwamho."

Na ce, to ita fa?

Ya ce, "Ta fi kowa sani, ai ita ka zama ciki. Ni da bakina nac ce mata ta sake mota. Munka yi har ta yi hushi. Tac ce, 'In na bar shi, ƙawayena su bar shi, da mi za shi biyan kamfani? Sunan Hamdiyya na ciki, kuma tana neman gida da marayu.' Nac ce to ki sauka ki taka da ƙahwa. Tac ce in mutane sunka ga ta sauka, ba mai sake ba ka lodi."

Ni na gaya mata maganar bashin, wata rana a hanyar dawowa daga Wara, na kuma roƙe ta kada Inna ta ji. Ban san ta riƙe abin haka ba. Ashe duk ranar kasuwa da take zaune a bayan nan tana tsokanata, tana jin ƙafata, tana kuma sane da ƙofar.

Na yi kuka a zauren nan kamar yaro. Shi ya ba ni ruwa na wanke fuska. Ya ce ba kotu, ba diyya, yafiyar da ya yi da saninsa ya yi ta, kada in sake kawo masa maganar.

Ki zo in za ki zo, Inna na son ganinki. Amma ba abin da ya rage da za ki gaya masa. Da zan fita ya ce in gaishe ki. Ya ce in gidan ya samu ki aiko a shaida masa, don Indo ta sha tambaya.

Ƙanenki,
Zaidu